Ƙagaggun Labaran 'Yan Jami'a: Tarihinsu da Darajarsu

Ƙagaggun labaran 'yan jami'a wani reshe ne na adabin zube wanda taurarinsa matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 25, galibi ɗaliban jami'a ko kwaleji, ko waɗanda suka kammala suna neman madafa. Jigonsu shi ne rayuwar wanda ya bar gaban iyayensa bai kuma kafa nasa gidan ba: neman kuɗin makaranta, zaɓen sana'a, soyayya, siyasar ɗalibai, da gwajin tarbiyyar da aka taso da ita. Tarihin wannan reshe yana bin sawun tarihin jami'a kanta. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar karatu ga wasu mutanen da a da aka hana, ba a daɗewa sai a ga labarinsu ya fito a littafi.

Asali

Tushen abin yana cikin labaran girma da wayewar saurayi da suka yi tashe a Jamus, musamman littafin Goethe a kan Wilhelm Meister, wanda ya fito tsakanin 1795 da 1796. Daga cikin littattafan farko da suka mai da kwaleji fagen labari akwai Fanshawe na Nathaniel Hawthorne, wanda ya buga a Amurka a 1828 da kuɗinsa, ba tare da sa sunansa ba, shekara uku bayan ya gama Kwalejin Bowdoin. A Ingila kuwa Edward Bradley ya fara fitar da labarin Verdant Green a 1853, labarin barkwanci ne na sabon ɗalibi a Oxford wanda tsofaffin ɗalibai suka mai da shi abin wasa. Thomas Hughes ya biyo baya da Tom Brown at Oxford a 1861. Taurarin wancan zamani galibi maza ne 'ya'yan masu hali, domin su ne suka fi samun shiga. Damuwarsu ba ta wuce tseren kwale-kwale da bashi da abota da gyaran hali ba.

A farkon ƙarni na 20 abin ya ƙara nauyi. A Japan, Natsume Soseki ya wallafa Sanshiro kashi-kashi a jaridar Asahi a 1908. Saurayi ne ɗan ƙauye daga tsibirin Kyushu ya hau jirgin ƙasa zuwa jami'ar Tokyo, ya tarar da birni mai rushe tsoho yana gina sabo ba dare ba rana, ga wasiƙun mahaifiyarsa suna zuwa suna tuna masa da gida. Ta idon wannan yaro marubucin ya nuna ƙasa baki ɗaya tana kokawa da zamani. A Amurka F. Scott Fitzgerald ya fitar da This Side of Paradise a 1920 yana ɗan shekara 23, a kan wani ɗalibin Princeton, kuma bugun farko na kwafi 3,000 ya ƙare cikin kwana uku. Matasan da suka fito daga yaƙin duniya na farko sun ga kansu a ciki, masu ɗab'i kuma suka gane cewa wannan rukuni na masu karatu kasuwa ce mai zaman kanta.

Shigowar mata da 'ya'yan talakawa

Oxford ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920, Cambridge kuwa sai 1948. Dorothy Sayers, wadda tana cikin rukunin farko da suka karɓi digirin Oxford, ta kafa labarinta Gaudy Night na 1935 a wata kwalejin mata, inda ta ɗora tambayar ko mace za ta iya haɗa aure da zurfin ilimi. A 1963 littattafai biyu suka faɗaɗa wannan fage. Mary McCarthy ta bi rayuwar 'yan mata takwas da suka gama Kwalejin Vassar a 1933 cikin The Group, Sylvia Plath kuma ta rubuta The Bell Jar, labarin ɗaliba mai hazaƙa da ciwon damuwa ya kayar, a lokacin da ba a cika maganar taɓin hankali a fili ba.

Dokar da Amurka ta kafa a 1944 don tallafa wa tsofaffin sojoji ta kai fiye da mutum miliyan 2 kwalejoji da jami'o'i. Birtaniya ma ta faɗaɗa jami'o'inta bayan rahoton Robbins na 1963. Da ɗan ma'aikaci ya zauna aji ɗaya da ɗan attajiri, sai bambancin arziki ya zama babban jigo. A nan ne kuma reshen ya rabu biyu: labaran da suka fi karkata ga malamai, irin Lucky Jim na Kingsley Amis na 1954, da waɗanda suka tsaya a kan ɗalibai. Na biyun ne ya ci gaba da haifar da littattafai masu farin jini kamar Norwegian Wood na Haruki Murakami a 1987 da The Secret History na Donna Tartt a 1992.

A Masar da Nijeriya

A ƙasashen da suka sha mulkin mallaka, ɗalibin jami'a ba na iyayensa kaɗai ba ne, dangi da gari duk sun zuba masa ido. Najib Mahfuz ya nuna haka a Alƙahira al-Jadida, labarin ɗaliban jami'ar Alƙahira a shekarun 1930. Abokai ne, ɗaya mai riƙo da addini, ɗaya ɗan gurguzu, ɗaya ɗan jarida, sai Mahjub, talaka wanda ya ce shi bai yarda da kome ba sai kansa. Ana saura 'yan watanni ya gama, shanyewar jiki ta kama mahaifinsa, kuɗin da ake turo masa ya ragu ƙwarai. Ya koma ɗan ƙaramin ɗaki, yana kwana da yunwa, littafin karatu ma ya gagare shi saya. Ya ci jarrabawa, amma aiki ya ce sai da uwa a gindin murhu. Daga ƙarshe ya yarda ya auri farkar wani babban jami'in gwamnati don a rufa wa mutumin asiri, a ba shi kujera. Mahfuz bai wanke Mahjub ba, amma ya tilasta wa mai karatu ya dubi tsarin da ya sa digiri ya kasa ciyar da mai shi. A 1960 Latifa al-Zayyat ta kawo ɓangaren mata da al-Bab al-Maftuh, inda neman 'yancin wata ɗaliba ya haɗu da gwagwarmayar ƙasarta.

A Nijeriya an buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, kuma ɗaya daga cikin ɗalibanta, Chukwuemeka Ike, ya rubuta Toads for Supper a 1965. Amadi ɗalibi ne ɗan ƙabilar Ibo wanda ƙauyensu ke alfahari da shi, an yi masa baiko tun yana yaro, sai ya je jami'a ya kamu da son Aduke, Bayarabiya. Cikin raha Ike ya taɓo matsalar ƙabilanci ana gab da yaƙin basasa. A Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie na 2013, yajin aikin malaman jami'a ne ya kori tauraruwar labarin, Ifemelu, daga Nsukka zuwa Amurka, matsalar da ba ta gushe ba, domin a 2022 an rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, kuma tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, tambayar ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko za a yi mata aure ta zama jigo a littattafan marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Zamanin intanet

A 2000 masanin halayyar ɗan Adam Jeffrey Arnett ya kawo hujjar cewa a ƙasashe masu arzikin masana'antu shekarun 18 zuwa 25 sun zama mataki na daban a rayuwa, saboda karatu ya tsawaita, aure da aikin dindindin sun ja baya. Masu ɗab'i suka lura cewa akwai giɓi tsakanin littattafan 'yan sakandare da na manya. A 2009 kamfanin St. Martin's Press na New York ya shirya gasa yana neman labaran da ya kira New Adult. Waɗanda suka raya sunan kuwa marubuta ne masu buga littattafansu da kansu a intanet, kamar Jamie McGuire da Beautiful Disaster a 2011, da Colleen Hoover da Tammara Webber a 2012. A Indiya Five Point Someone na Chetan Bhagat na 2004, a kan matsin jarrabawa a makarantar injiniya, shi ne tushen fim ɗin 3 Idiots na 2009. Normal People na Sally Rooney na 2018 ya dawo da batun arziki: mahaifiyar Connell ce ke aikatau a gidan su Marianne, Connell ne mai farin jini a garinsu, Marianne kuwa saniyar ware, amma da suka isa Kwalejin Trinity a Dublin sai reshe ya juye da mujiya.

Suka da daraja

Suka biyu aka fi yi wa wannan reshe. Na farko, cewa New Adult dabarar talla ce kawai, labaran soyayya ne aka cika da batsa. Akwai gaskiya a nan game da littattafai da yawa na shekarun 2010, amma laifin na waɗannan littattafai ne, bai shafe aikin Mahfuz ko Plath ba. Na biyu, cewa jami'a duniyar 'yan tsiraru ce. Wannan ma haka ne, sai dai mafi ingancin labaran su ne suka fi tona wannan rashin adalci, domin suna nuna wanda ya shiga da gumin iyayensa da wanda ya shiga da sunan mahaifinsa.

Darajarsu ta fito ne daga shekarun da suke magana a kai. A nan ne mutum ke fara yanke shawarar da zai ɗauki nauyinta shi kaɗai, ya haɗa ɗaki da wanda addininsu ko harshensu ya bambanta, ya ji malami ya ƙalubalanci abin da ya ɗauka tabbas ne. Littafin yara ba ya kaiwa nan, na manya kuma yakan fara ne bayan an wuce wurin. Matashin da ya faɗi jarrabawa, ko kuɗin rajista ya gagare shi, ko damuwa ta danne shi, yana buƙatar ya san ba a kansa aka fara ba. Iyaye da malamai kuma suna samun hanyar jin abin da 'ya'yansu ke jin nauyin faɗa. Ga masu tarihi, waɗannan littattafai sun adana abin da rahoton hukuma ba ya rubutawa: me ɗalibi ya ci, me ya ji tsoro, wa ya yi masa alƙawari ya saɓa. Al'ummar da ke tura 'ya'yanta jami'a da dukiyarta da addu'arta ya kamata ta rubuta labarinsu da gaskiya, ta kuma karanta shi da muhimmanci.