Daga Kaset Zuwa Waya: Yadda Gardamar Ƙwallon Kwando Ta Girma a Kaduna

Da zarar watan Afrilu ya raba tsakiya, akwai waɗanda barcinsu ke rikicewa a Kaduna. Lokacin ne gasar NBA ta Amurka take shiga zagayen fitar da gwani, inda ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Su can da daddare suke fara wasa, mu nan kuwa dare ya riga ya tsala. Sai ka ga saurayi a Malali ko Unguwar Rimi ya kwana rungume da waya, ya fito sallar asuba idanunsa jawur, da yamma kuma ya iso teburin mai shayi cike da zance. Ba mu kai 'yan kallon ƙwallon ƙafa yawa ba, ko kusa. Amma in aka taɓo tambayar nan ta wa ya fi wani tsakanin Michael Jordan da LeBron James, sai shayi ya huce ba a sha ba.

Na daɗe ina cikin wannan gardama, kuma abin da na gano shi ne kowa yana kare hanyar da wasan ya fara shigo masa ido ne.

Mu da muka taso a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, a kaset muka san Jordan. Wani ne zai dawo daga Legas ko daga waje da kaset ɗin bidiyo, ya bi hannu daga Kawo zuwa Unguwar Sarki zuwa Tudun Wada, kafin ya iso gare ka hoton ya fara rawa. Ba wanda ke ɓata kaset wajen naɗar daren da gwaninsa ya sha kashi. Abin da ya zo mana shi ne mutum yana tashi sama kamar ba zai sauko ba, da kofuna shida da ya ciwo wa Chicago Bulls: uku daga 1991 zuwa 1993, wasu uku daga 1996 zuwa 1998. Sai daga baya muka ji cewa Detroit Pistons ta yi waje da shi shekara uku a jere, 1988 da 1989 da 1990, kafin ya taɓa kofi ko ɗaya. Wannan Jordan ɗin mai komawa gida da baƙin ciki bai taɓa zuwa Kaduna ba.

A tsakiyar waɗancan shekaru shida kuwa akwai wani giɓi, kuma a cikinsa namu ya shiga. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da aka ɗauki Jordan a na uku. A 1994 ya haɗa abin da ba a taɓa haɗawa ba a kaka ɗaya: gwarzon gasa, gwarzon masu tsaron gida, da gwarzon wasannin ƙarshe. A 1995 ƙungiyarsa Houston Rockets ta sake ɗaukar kofi, ta lallasa Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu da babu. Sai dai abin da ya fi ratsa zukatan mutane a nan shi ne labarin azumi. A watan Fabrairu na 1995 Ramadan ya kama, Hakeem bai ajiye azuminsa ba, kuma shi aka ba kyautar gwarzon wannan wata. Na ga dattawan da ba su san ko mutum nawa ke buga wasan ba suna tambaya, "Yaron nan mai azumi ya ci kuwa?" Iyaye da yawa da ke ganin jefa ƙwallo a kwando shiririta ce sun sassauta daga nan.

Sai tauraron ɗan'adam ya shigo, faranti ya hau kan rufin gidaje, gidajen kallo suka buɗe a unguwanni. Su dai gidajen kallo na ƙwallon ƙafa ne, da wuya mai gida ya tayar da janareta ƙarfe biyu na dare saboda mutum huɗu. Duk da haka 'yan wannan zamani sun samu nasu gwani, Kobe Bryant, mai kofuna biyar, wanda ya zura maki 81 a wasa ɗaya a watan Janairu na 2006. Har yau su ne suka fi jin zafi idan aka yi gardama aka tsallake sunansa.

Waya ce ta sauya komai. Yaran yanzu sun ga LeBron da idonsu a daren daɗi da daren wuya. Sun ga yadda Dallas ta kunyata shi a 2011, sun kuma ga 2016, lokacin da Golden State, wadda ta ci wasa 73 a kakar, take gaba da uku da ɗaya, ya juyar da zancen ya kai kofi Cleveland. A watan Fabrairu na 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, tarihin da ya kusa shekara arba'in ba a taɓa shi ba. Idan dattijo ya ce Jordan ya je wasan ƙarshe sau shida bai faɗi ko sau ɗaya ba, sai yaro ya ce LeBron ya je sau goma. Dattijo ya ce ai shida daga ciki kashi ya sha. Yaro ya ce wanda aka fitar tun a zagayen farko ai bai ma isa inda za a ƙirga masa faɗuwa ba. Haka za a yi ta yi har a kira magariba.

Abin da ba a cika kawowa a teburin ba shi ne wasan kansa ya canza. Layin jifan maki uku sai a 1979 ya shigo NBA, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin abin da ake komawa in an rasa mafita. A 2004 aka tsaurara dokar hana mai tsaro dafa abokin karawarsa da hannu, filin ya buɗe wa masu gudu da masu harbi daga nesa. Stephen Curry ɗan wannan sabon fili ne. A zamanin Pistons kuwa, duk wanda ya nufi kwando ya san jikinsa zai gaya masa. Don haka idan muka ce yaran yanzu ba su san wuya ba, akwai gaskiya a ciki. Idan suka ce namu ba su iya harbi daga nesa ba, su ma ba su yi ƙarya ba.

Abin da ke damuna shi ne mun fi sanin tarihin Chicago a kan na Zariya, ga ta nan kilomita tamanin kacal daga Kawo. A filin Jami'ar Ahmadu Bello ne koci Oliver Johnson, Ba'amurke, ya yi shekaru yana koya wa yara wasan. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya zama gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA a 2013, ya kuma gina Toronto Raptors da ta ɗauki kofi a 2019. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa a ƙwallon kwando, mu ma a nan muna da Kada Stars. Ƙungiyarmu ta ƙasa, D'Tigers, ta doke Angola ta ci kofin Afirka a 2015, ta kuma doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas a 2021. A shekarar ce Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zura maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofi. Matanmu na D'Tigress sun kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Nawa ne cikin masu kwana kallon NBA suka taɓa zuwa filin wasa na Ahmadu Bello da ke nan Kaduna don ganin 'yan gida?

In ana son ra'ayina, tsakanin mutanen nan biyu Jordan zan zaɓa, kuma na san kaset yana da hannu a zaɓin. Amma sunan da nake son a riƙa sa wa a tebur shi ne Hakeem, mutumin da har yau ba a kamo shi ba wajen tare ƙwallo a hanyar kwando, sau 3,830.

Kwanaki ɗan yayata, wanda ba ya son a taɓa masa LeBron, ya zauna kusa da ni bayan isha'i. Na karɓi wayarsa na nemo masa wasan da Hakeem ya yi da David Robinson a 1995. Ya kalli yadda dogon mutumin ke yaudara da kafaɗa, ya juya hagu, ya dawo dama, Robinson ya tashi sama a banza. Ya mayar da shi baya ya sake kallo har sau uku.

"Kawu," in ji shi, "wai da gaske ɗan Legas ne?"

Na ce masa LeBron ɗin nasa da Kobe duk sun je Houston wurinsa don ya koya musu wannan taku. Bai ce komai ba. Washegari da la'asar na hango shi a tsakar gida da ƙwallo, yana gwada juyin a gaban bango.