Falsafar Jin Daɗi: Tarihinta da Masu Sukarta

Falsafar jin daɗi ra'ayi ne da ke cewa daɗi kaɗai ake nema don kansa, wahala kuwa abar gudu ce. Ana danganta farkonta da Aristifus na Sairin, a Libiya ta yau, almajirin Sokrates, wanda ya fifita daɗin jiki na nan take. Sai dai sunan da ya manne mata shi ne na Efikurus (341–270 kafin Miladiyya), wanda ya taso a tsibirin Samos, ya sayi lambu a Atina wajen shekarar 306 ya mai da shi makaranta, har mata da bayi suna ɗaukar karatu.

A kansa ne riwayoyi suka saɓa. Timokrates, wani almajiri da ya ɓalle, ya baza cewa malamin yakan yi amai sau biyu a rana don tsabar ci. Maganar mai ƙullaci ce, amma ita ta fi yawo. Diyogenes Layertiyus, marubucin tarihin masana falsafa a ƙarni na 3 na Miladiyya, ya kawo zargin ya ƙaryata shi, kuma shi ya adana wasiƙu uku na Efikurus, wanda littattafansa kusan 300 suka salwanta. Wasiƙar Efikurus ga wani mai suna Menoikiyus ta fayyace cewa daɗin da yake nufi shi ne jiki ba ciwo, zuciya ba fargaba. Buƙatu ya kasa su uku: na dole kamar abinci, na marmari, da na banza irin su mulki da suna. Gurasa da ruwa sun ishe shi.

Sukar da ta fi nauyi ta marubucin Rum Sisero ce, a shekarar 45 kafin Miladiyya: in daɗi ne ma'auni, me zai sa soja ya mutu don ƙasarsa, kuma me ya raba abota da ciniki? Malaman Kirista kuwa musun lahira da Efikurus ya yi ne ya dame su, shi ya sa mawaƙi Dante ya jefa shi a wuta a cikin waƙarsa.

Daga baya aka sake gano waƙar mawaƙin Rum Lukretiyus mai bayanin mazhabar Efikurus a 1417. A Birtaniya kuma, masani Bentham ya mai da daɗin jama'a ma'aunin doka a 1789, marubuci Carlyle ya kira hakan falsafar aladu, masani Mill ya mayar da martani da cewa daɗin hankali ya fi na ciki daraja.