Yaron Kano da ya hau dandamalin Landan: zare kan Olu Jacobs

1/
Kusan duk bayan 'yan watanni sai wani ya ɗora hoton Olu Jacobs da alamar kuka, ya sanar da mutuwarsa. An yi hakan a 2024, kuma ba shi ne karon farko ba, har sai da iyalinsa suka fito suka ƙaryata. Akasarin masu yaɗawar ba su san komai a kansa ba illa "Igwe ɗin nan na fim ɗin kudu". To bari in ba ku tarihinsa. Ku gyara zama, zaren da tsawo.

2/
Cikakken sunansa Oludotun Baiyewu Jacobs. An haife shi ranar 11 ga Yuli, 1942, iyayensa Yarabawan Egba ne na ƙasar Abeokuta. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne a Kano ya yi ƙuruciyarsa. A makarantar Holy Trinity ta Kano ya yi karatu, yana cikin ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo.

3/
Me ya kawo Yarabawa Kano a lokacin? Jirgin ƙasa da kasuwa. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, ma'aikata da akawu-akawu da 'yan kasuwa daga kudu suka riƙa kwararowa, Turawan mulki suka ware musu Sabon Gari a wajen ganuwa. Inda mutane suka taru da albashi a aljihu kuwa, nan masu nishaɗantarwa ke bi.

4/
Cikin masu zuwa akwai Hubert Ogunde, wanda ake kira uban wasan daɓe na zamani a Najeriya. A 1945 ya kafa ƙungiyarsa, daga baya ya ajiye aikin ɗan sanda, ya koma yawo gari-gari da 'yan wasa da makaɗa. Mutumin nan ba dariya kawai yake sayarwa ba. Ya yi wasa mai suna Bread and Bullet kan masu haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Inugu a Nuwamban 1949, hukuma ta hana nuna shi a Kano.

5/
A wani otal da ake kira Colonial Hotel a Kano, yaro Olu ya kalli wasan Ogunde, kuma a nan ya ƙudurta abin da zai yi da rayuwarsa. Ku tuna fa, a zamanin ba a ɗaukar wasan kwaikwayo sana'a, ko a kudu ko a arewa. Iyaye lauya suke so, ko likita, ko akawu. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

6/
Ya tafi Ingila, ya samu horo a RADA, makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan wadda ta fitar da irin su Anthony Hopkins. A can ake koyon yadda za ka jefa murya ta kai kujerar ƙarshe ba tare da lasifika ba, da yadda za ka ja numfashi, da inda za ka yi shiru. Muryar nan tasa mai kauri da kuka sani, baiwa ce, amma an yi mata wahala.

7/
A shekarun 1970 ya fara bayyana a talabijin ɗin Birtaniya: The Goodies, Till Death Us Do Part, The Tomorrow People, Angels, The Professionals. Galibi ƙananan rol ne, fitowa ɗaya ko biyu. Amma ga baƙar fata ɗan Afirka a Ingilar wancan lokaci, samun aiki a kai a kai ma kansa nasara ce.

8/
A ganina ƙololuwar zamansa a can ita ce 1978. A shekarar aka fara nuna wasan Night and Day na Tom Stoppard a gidan wasa na Phoenix da ke Landan, tare da Diana Rigg da John Thaw. Labarin 'yan jarida ne a wata ƙirƙirarriyar ƙasar Afirka mai suna Kambawe. Olu Jacobs ne ya fito a Shugaba Mageeba, mai mulkin kama-karya da ya yi boko a Ingila, ga iya magana, ga ban tsoro.

9/
Sai fina-finai suka biyo baya:
Ashanti, 1979, tare da Michael Caine da Omar Sharif.
The Dogs of War, 1980, tare da Christopher Walken.
Baby: Secret of the Lost Legend, 1985.
Pirates, 1986, na darakta Roman Polanski, tare da Walter Matthau.
Ba ƙananan sunaye ba ne waɗannan.

10/
Amma ku duba rol ɗin da ake ba shi. A The Dogs of War jami'in kwastan ne mai tatsar baƙo a filin jirgi. A Baby kanar ɗin soja ne. A Pirates kuku ne a jirgin ruwa. Ga kuma shugaban kama-karya a dandamali. Mutum ya yi horo irin na masu wasan Shakespeare, amma abin da marubutan can ke iya hangowa game da ɗan Afirka bai wuce kaki da cin hanci da bauta ba.

11/
Wannan ne ya sa nake ganin dawowarsa gida ba ci baya ba ne. A Ingila, labarin na wani ne, shi ɗan rakiya. A Najeriya kuwa shi ne tsakiyar labarin. Gara ka zama kan ƙadangare da ka zama wutsiyar kada, sai dai shi ko a gidan ma ba ƙadangaren ya zama ba.

12/
A 1981 ya haɗu da Joke Silva a Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas, wajen gwajin wasan Jero's Metamorphosis na Wole Soyinka. Ya girme ta da shekara 19. Suka yi aure a 1985. A masana'antar da aure ke mutuwa kamar wasa, nasu ya shafe shekaru gommai, kuma kowannensu tauraro ne da kansa.

13/
Daga 1990 zuwa 1993 ya fito a The Third Eye na NTA, a matsayin Sufeto Best Idafa, jami'in bincike da 'yarsa ƙarama ke taya shi warware laifuka. Lokacin babu tashoshi barkatai, shirin NTA na ƙasa kusan kowa shi yake kallo, daga Legas har Maiduguri. Ku tambayi iyayenku da suke da talabijin a lokacin.

14/
Ana cikin haka kasuwar fim ɗin kaset ta buɗe. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, Living in Bondage ya fito a kudu a 1992. Wasu da suka yi horon dandamali sun raina harkar: kuɗi kaɗan, ɗauka cikin gaggawa, wani lokacin rubutun ma bai kammala ba. Olu Jacobs ya shiga, ya yi fina-finai fiye da 100.

15/
A nan ne ya zama sarki, attajiri, uba mai faɗa a ji. Wani zai ce to ai nan ma an ɗaure shi a rol iri ɗaya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Bambancin shi ne wannan karon mutanensa ne ke kallo, kuma rawanin a kansa yake. Ku sake kallon fim ɗinsa ku lura: ba ya ihu sai da dalili. Kallo ɗaya da ɗan shiru sun ishe shi.

16/
Karramawa ta zo:
2007, gwarzon jarumi a gasar AMAA.
2011, lambar ƙasa ta MFR.
2013, kyautar girmamawa a AMVCA.
2016, kyautar hidimar rayuwa a AMAA.
Shi da matarsa kuma sun kafa kamfanin Lufodo, da makarantar horar da matasa 'yan wasa a ƙarƙashinsa. Abin da ya tsallaka teku ya nemo, ya kawo shi kusa.

17/
A Nuwamban 2021 Joke Silva ta bayyana a wata hira cewa mijinta na fama da cutar mantuwa nau'in Lewy. Wani sinadarin furotin ne ke dunƙulewa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Yana taɓa tunani da natsuwa, yana kawo gane-gane, rikicewar barci, da ƙagewar jiki ko karkarwa irin ta cutar Parkinson. Ita aka gano a jikin jarumin Amurka Robin Williams bayan rasuwarsa a 2014.

18/
Ba a warkar da ita, amma ana rage wahalarta da magani da kulawa. Na tsaya a nan ne saboda a gidajenmu muna da tsofaffi irin haka. Sai mu ce gigin tsufa ne, ko sammu aka yi musu, ko mu riƙa yi musu tsawa don sun maimaita tambaya. Cuta ce, tana da suna, kuma likita na da abin cewa a kai. Matar nan ta yi jarumta da ta faɗa a fili.

19/
Ku yi tunani: mutumin da sana'arsa haddace shafuka ce da furta su a gaban jama'a, shi ne ƙwaƙwalwa ke kuɓuce wa. Sannan matarsa da 'ya'yansa su tashi da safe su tarar wani ya kashe shi a intanet don neman mabiya. Kafin ka danna turawa, minti ɗaya na bincike ba zai rage ka da komai ba.

20/
Mu ma muna da namu. Kasimu Yero, na Magana Jari Ce da Karambana da Cock Crow at Dawn, ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, Samanja, ya rasu a 2023. Mu nawa ne a nan muka taɓa kallon cikakken shiri ɗaya nasu? Idan akwai tsohon kaset a gidanku, kar ku bari ƙura ta cinye shi. A juya shi, a ɗora.

21/
Iya nan zan tsaya. Wane fim ɗin Olu Jacobs kuka fara gani? Kuma Kanawa, wa ke da labarin Colonial Hotel daga bakin kakanninsa? Ku ajiye min a ƙasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri.