Sibeton, Kiton ɗin Jibda: Nazarin Tsarinsa da Tambayar Asali a Kasuwar Turare ta Zangon Kumasi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tsarin sinadarin sibeton, wanda shi ne ƙashin bayan ƙamshin jibda, domin a warware wani ra'ayi da ya yi jijiya tsakanin masu turare a Aboabo da Asawase da kasuwar Kejetiya, cewa turaren da ya fito daga jikin dabba yana da wata daraja da ɗakin gwaji ba zai iya kamowa ba. Binciken ya nuna cewa ta fuskar wannan sinadari ɗaya ra'ayin ba shi da madogara.

Shimfiɗa

Jibda wani maiƙo ne mai kauri, ruwan ɗorawa idan sabo ne, yana yin duhu idan ya sha iska, wanda tunkun jibda ke tarawa a wata 'yar jaka da ke ƙarƙashin wutsiyarsa. Hausawa sun san shi tun da daɗewa, kuma jikokin fataken goro da suka zauna Kumasi, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, sun gaji ɗabi'ar shafa turare ranar Juma'a da Sallah da biki. A yau mafi yawan jibdar kasuwar duniya daga Habasha take fitowa, inda aka saba ɗura ta cikin ƙahon shanu.

Sibeton kiton ne. Kiton kuwa, a ilimin kimiyyar sinadarai, shi ne mahaɗin da ke da ƙwayar kabon ɗaure da ƙwayar oksijin ɗauri biyu, tana kuma riƙe da wasu kabon biyu dama da hagu. Erwin Sack ya ware sibeton daga jibda a 1915, amma Leopold Ružička ne ya bayyana tsarinsa a 1926, aikin da ke cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel ta 1939. Ya tarar da zobe ne na kabon 17, da haidurojin 30, da oksijin ɗaya, alhali tun ra'ayin Adolf von Baeyer na 1885 masana ke ɗauka cewa zobe mai girma haka ba zai tsayu ba. Muskon, kiton ɗin almiskin barewa wanda Heinrich Walbaum ya ware a 1906, ɗan'uwan sibeton ne mai zoben kabon 15.

Masu cewa wari mai ƙarfi shi ne shaidar jibda ta gaske su ne wannan maƙala ta fi saɓa wa, domin warin nan mai kama da na kashi ba na sibeton ba ne, na wani sinadari ne dabam mai suna sikatol, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na maiƙon ba, kuma ana haɗa shi a masana'anta da araha. Ke nan mai algus da ya cuɗa man shanu ko basilin da ɗigon sikatol zai iya cin jarrabawar hanci, ya bar mai saye da kwalbar da ƙamshinta ba zai kwana a riga ba.

Hanyar bincike

An kwatanta tsarin sinadaran kamar yadda aka tabbatar da su a rubuce, sannan aka yi lissafin nauyi.

Sakamako

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wurin da ɗauri biyu na kabon da kabon yake a zoben. Yana tsakanin kabon na 9 da na 10, daidai yana fuskantar ƙungiyar kiton, ta yadda kabon bakwai ke kowane gefe. Wannan ba komai ba ne illa sawun asid oleyik, wato asid ɗin mai da ke da kabon 18 da ɗauri biyu a wuri na 9, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na manja. Idan aka sa wa sarƙar oleyik kan asid a ɗaya ƙarshen, aka lanƙwasa ta bakin ya haɗu da baki, kabon ɗaya ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid, abin da ya rage shi ne sibeton. Masu bincike a Malesiya sun haɗa sibeton daga manja tun shekarun 1990.

Lissafin ya fi magana bayyana al'amarin. Hanyar musanyar ɗauri, wadda ke yanka sarƙoƙi biyu a tsakiya ta sake haɗa su, tana buƙatar giram 565 na oleyik domin a sami giram 250 na sibeton idan ba a yi asarar komai ba, wato manja kilo ɗaya da rabi bai cika ba. Jibda kuwa sibeton ɗin cikinta kusan kashi 3 ne cikin ɗari, kuma tunku ɗaya yakan ba da giram 3 zuwa 4 a mako, don haka wannan giram 250 yana cin jibda fiye da kilo 8, ko kuma aƙalla shekara 40 ta dabba ɗaya a cikin keji, tsawon da babu tunkun da ke kaiwa. Manjan kuwa a Juaben ake tatsarsa, nan kusa da Kumasi.

Nauyin sibeton ne ke sa ya daɗe, domin yana narkewa a zafin digiri 32, kusan zafin fatar mutum, amma yana jinkirin tashi a iska, yana kuma riƙe ƙamshin fure da aka haɗa shi da shi. Wannan hali na tsarin zoben ne, ko daga ina zoben ya fito.

Dole a amince cewa lissafin na takarda ne, kuma musanyar ɗauri takan fi samar da siffar da ɗaurin ya miƙe, alhali ta jibda a lanƙwashe take, sai an yi ƙarin aiki a raba su. Haka nan jibda tana da wasu kiton ƙanana da ke ƙara mata launi. Wannan yana rage ribar, bai rushe hujjar ba.

Ya kamata Sashen Kimiyyar Sinadarai na Jami'ar Kwame Nkrumah da Hukumar Ma'auni ta Ghana su auna abin da ake sayarwa da sunan jibda da almiski a Zango da na'urar tantance sinadarai, su sanar da masu turare sakamakon da Hausa.