Baje Kolin Kafintocin Kopenhagen: Yadda Kafinta da Mai Zane Suka Haɗa Kai

A shekarar 1927 kasuwar kafintocin Kopenhagen, babban birnin Denmak, ta ja baya. Kayan ɗaki masu araha na masana'antu da na ƙetare sun cika gari. Duk kafintan da ke Birnin Kebbi, Argungu ko Gulma ya san wannan zafin, domin yana gani iyayen amarya suna wuce rumfarsa su nufi gadon Turkiyya ko na Sin. Ƙungiyar kafintocin Kopenhagen ta yanke shawarar baje kolin aikinta sau ɗaya a shekara, don mutane su taɓa da hannu su ga bambanci.

Abin da ya ɗaukaka taron shi ne gasar zane da aka shigo da ita a 1933. Mai zane ya kawo fasali a takarda, kafinta ya fitar da shi a katako, a rubuta sunayensu tare. A ganina nan albarkar take, don kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ba shi da shi.

Misali, mai zane Finn Juhl, wanda aka haifa a 1912, gine-gine ya karanta, bai yi zaman koyo a gaban maigida ba. A 1937 ya fara baje kaya tare da kafinta Niels Vodder. Juhl yakan zana kujera ta yadda mazauninta zai zama kamar yana shawagi a kan firam, Vodder kuma ya nemo dabarar haɗa gaɓoɓin ta ɗauki nauyin mutum. Da farko an kushe aikinsu, musamman kujerar Pelican ta 1940. Amma a 1949 Sarkin Denmak Frederik na Tara ya zauna a kan kujerarsu ta Chieftain a wurin baje kolin, kuma a 1952 aka buɗe zauren Kwamitin Amintattu na Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, wanda Juhl ya tsara cikinsa.

A wannan baje kolin na 1949 ne mai zane Hans Wegner da kafinta Johannes Hansen suka fito da kujerar da 'yan takarar shugaban ƙasa Kennedy da Nixon suka zauna a kai a muhawarar talabijin ta 1960 a Amurka.

An yi taron shekara 40 a jere. Da masana'antu suka koyi ɗaukar masu zane da kansu, ƙananan shagunan kafintoci suka ragu, aka yi na ƙarshe a 1966.