Kare a Kasuwa da Shagon Abinci: Illarsa ga Lafiya

A Zuru da ƙauyukanta ana kiwon kare don gadi da farauta, kuma yakan bi ubangidansa har kasuwa. Shigarsa rumfar kayan miya, mahauta ko shagon abinci na da haɗari biyu.

Na farko, tsutsar ciki. Kashin kare kan ɗauke da ƙwanta, wanda ido ba ya gani. Idan ya taɓa ganye ko tumatir aka ci ba wanki, yana iya haddasa ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhu. Karen kan ɗauko tsutsar ne daga ɗanyen kayan ciki.

Na biyu, ciwon haukan kare, wanda ake ɗauka ta cizo ko yakushi. Da zarar alamominsa sun bayyana, da wuya a rayu.

Abin da ya kamata a yi:
- A ɗaure kare a gida ranar kasuwa.
- A yi masa rigakafi daga wata 3, a sabunta duk shekara.
- A wanke kayan lambu kafin a ci.
- In ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya Babban Asibitin Zuru a ranar don allura.