Wuƙar Mutanen Jawa Da Ke Rumfar Baba

Yau hirar tamu za ta ɗan yi nisa da gida. A rumfar Baba a nan Legas, inda muke sayar da kayan gargajiya, akwai wata wuƙa mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Ya saye ta ne hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Apapa, wanda ya rantse masa cewa ta shekara 500. Da wani bature ya taya, sai Baba ya ce in bincika tukuna, don ba ya son ya ci kuɗin ƙarya. To ga abin da na samo.

Sunanta keris, asalinta kuwa tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, mutanen nan da alhazanmu ke yawan haɗuwa da su a Makka. Ƙirarta ta bunƙasa a zamanin daular Majapahit, wadda aka kafa a 1293. A wani tsohon wurin bauta mai suna Sukuh, ginin ƙarni na 15, akwai sassaƙen maƙera da zuga-zugi suna aikinta. Akwai kuma wata a gidan tarihi na Amstadam mai ɗauke da shekarar 1264 ta lissafin Saka, wato 1342. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya keris cikin manyan kayan gadon duniya.

Masanan can abu uku suke dubawa. Na farko siffa, wadda suke kira dhapur: miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa? In mai lanƙwasa ce, lanƙwasar mara ce kullum, 3, 5, 7, har sama. Tamu 9 ce. Na biyu pamor, wato zanen da ke jikin ƙarfen. Maƙerin, da suke ce wa empu, yana haɗa baƙin ƙarfe da wani mai sinadarin nikel, ya yi ta ninkawa yana duka. In an wanke da lemun tsami da wata guba, sai ƙarfen ya yi duhu, nikel ɗin ya fito fari. A ƙarni na 18 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da Prambanan, maƙeran fada suka riƙa ɗibar ƙarfensa. Kun ga duk wadda aka yi da shi ba za ta kai zamanin Majapahit ba. Na uku tangguh: a duba nauyi da irin ƙarfe da hannun maƙeri a ce wannan ƙirar Majapahit ce, ko Mataram, ko Surakarta. Su da kansu sun ce kintace ne.

Ƙota da kube su ke nuna yanki. Bayan an raba daular Mataram a 1755, Surakarta da Yogyakarta kowa ya kama nasa salon. Ta mutanen Bali ta fi tsawo, ƙotarta sau da yawa da siffar mutum. Amma a kula, ana canza ƙota da kube kamar yadda mutum ke canza riga, saboda haka shekaru a jikin ƙarfe ake neman su. Kuma har gobe ana ƙera sababbi da yawa a Sumenep da ke tsibirin Madura, wasu 'yan kasuwa kuma su jiƙa su da ruwan batir su yi kamar sun tsufa.

Ku duba wuƙar Yarima Diponegoro, wanda ya yaƙi Turawan Holan daga 1825 zuwa 1830. Sai da aka yi dogon bincike kafin Holan ta mayar da ita a watan Maris 2020, duk da haka wasu masana suka yi gardama ko ita ce. Wannan fa ta ɗan sarki ke nan, ina ga wadda aka saya a bakin tashar jirgin ruwa?

Da muka fito da tamu cikin rana, cin da ke jikinta iri ɗaya ne daga tsini har gindi, alhali tsatsar shekaru ba ta cin ƙarfe daidai wa daida. Kuben ma ko gogewar hannu babu. Baba ya gaya wa baturen cewa keris ce ta gaske, amma sabuwar ƙira. Kuɗin da ya taya ya faɗi ƙwarai, muka sallama a haka. Mu da muke zaune a garin wasu, in ɗaya ya yi ƙarya, Hausawa aka ce sun yi.

Allah Ya ba mu halal. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.